Ƙaryar da Na Sa a Kwamfutar Asibiti

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a bayan mota kika buɗe ta, ko sai da kuka sauka Agadas. Allah Ya tsare ki, ke da kawunki Sani, Ya tsare direba da duk wanda ke cikin motar. Allah Ya sa ruwanku ya ishe ku, Ya raba ku da ɓatan hanya a cikin rairayi, Ya kai ki Yamai lafiya.

Ba labarin gida zan ba ki ba, komai a gabanki yake har ranar tafiyarki. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne aikin jinya za ki koya, an kuma ce mini a makarantarku har da kwamfuta ake koyarwa. Ni kuwa na yi shekaru ina tafinta a gefen irin wannan na'ura, na yi kurakuran da bakina ya yi nauyin faɗa miki ido da ido. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girma na koyi boko.

Kin san a shekarun da aka buɗe wa baƙar fata ƙofa na baro Damagaram, lokacin da ko wace tasha ka murɗa a rediyo maganar haɗin kan Afirka ake yi. A bakin titi a Jadid, unguwarmu ta nan Sabha, na fara, ni da shebur, ina jiran wanda zai tsaya da mota ya ɗauki lebura. Wata rana abokin aikina ya faɗo daga kan gini, na kai shi wani ƙaramin asibiti, na tsaya ina juya masa magana da Larabcin allo haɗe da na kasuwa. Likitar wurin, Daktura Mabruka, ta ce in dawo gobe. Haka na zama tafinta. Akwai Malama Asabe, ma'aikaciyar jinya 'yar Kano, wadda kika sani, amma Larabcinta kaɗan ne, da Turanci suke magana da Daktura, kuma ɗakin mata kaɗai ya ishe ta aiki.

Ranar da aka kawo na'urar na kasa aikin komai. Mu 'yan Nijar muka ce ordinater, Malama Asabe ta ce kwamfuta, sunanta kuma shi ya bi bakin kowa. Na ga an danna baƙi a ƙasa ya fito a gilashi, an goge shi babu alamar gogewa. Na ga an kira sunan mutum, duk abin da aka taɓa rubutawa a kansa ya fito kafin ya gama zama a kujera. Da can sai in yi rabin hantsi ina tonon takardu a cikin kwali. Kwana biyu in na zo kusa da ita sai in rage murya, har Malama Asabe ta lura.

Ta ce, “Malam Habu, ba ta ji fa. Yi maganarka.”

Na yi dariya, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na ga wata igiyar waya ta fito ta bayanta ta shige bango. Ban tambayi kowa inda ta nufa ba. Ni kaɗai na zauna na yanke cewa ofishin 'yan sanda ta tafi, duk sunan da aka danna yana fita can. Da ma a cikina na bar shi. Sai na faɗa a teburin mai shayi a Jadid, inda rabin masu zama ba su da iƙama, takardar izinin zama. Suka ce ai Habu a ciki yake aiki, ya sani. Kafin mako ya zagayo bencin asibiti ya zama babu mutanenmu, sai wanda ciwo ya kayar.

Ummi, in kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambayi wanda ya sani kafin ki kai shi wurin wanda bai sani ba. Ranar da kika sa farar riga maganarki za ta yi nauyi, ko zato kika yi za a ɗauka sani ne. Ni ko farar rigar ban sa ba, ga abin da bakina ya yi.

A cikin wannan tsoro ne maƙwabciyarmu Saratu ta kwanta. 'Yar Maraɗi ce, ita da mijinta ba su da takarda ko ɗaya, jiri yana ɗibarta, idonta ya yi fari fat. Innarki kuwa tana da katin asibitin da na yi mata, ba ta taɓa amfani da shi ba. Na ɗauko katin daga cikin akwati ban gaya mata ba, na kai Saratu da shi a ranar da Malama Asabe ba ta nan. Aka gwada jininta, aka rubuta komai a ƙarƙashin sunan innarki. Ta sami sauƙi, bayan wata biyu suka wuce arewa. Ni a ganina taimako na yi, har ina jin daɗin dabarata. Na mayar da kati, na manta.

Shekara ta wuce da 'yan watanni, haihuwar ƙanenki Iro ta zo. Da hantsi ya faɗo lafiya, sai jini ya ɓalle wa innarki ya ƙi tsayawa. Asibitin ba ya ajiye jini, sai dai a kira masu bayarwa. Malama Asabe ta daɗe tana tara sunayen masu ba da jini a cikin kwamfuta, kowa da irin jininsa da lambar salularsa. Ta fito da gudu ta danna sunan innarki, ta ce, “Alhamdu lillahi, an taɓa gwada ta. B ne.” Ta kira mutum uku masu B, suka ce ga su nan.

Tana faɗin haka na tuna. Wallahi a take na tuna. Amma na yi shiru. Na ce a raina wataƙila jininsu iri ɗaya ne, wataƙila Allah Ya rufa mini asiri. Na tsaya jikin bango ina kallon ƙofa, mutanen nan suka baro wuraren aikinsu, ɗaya da siminti a ƙafarsa, aka kwantar da na farko aka fara ɗiba. Duk wannan lokaci innarki tana ciki jini yana zuba, ni kuma ina tsoron kunya.

Abin da ya cece ta shi ne Malama Asabe ba ta sa wa mutum jini sai ta sake gwadawa da hannunta, ko me takarda ta ce, ko me na'ura ta ce. Ta ɗiga jinin innarki a kan gilashi, ta duba, ta ɗaure fuska.

Ta ce, “Wannan ba B ba ne. Ko ni na yi kuskure? Bari in sake.”

Na ce, “Malama, kada ki sake. Abin da ke cikin kwamfuta jinin Saratu ne. Ni na kawo ta da katin.”

Ta juyo ta dube ni. “Tun yaushe ka tuna?”

“Tun da kika faɗa.”

Ashe jinin innarki O ne. Malama Asabe ta koma ta nemi masu O, aka sami wani mai walda ɗan Gana, ya zo da tabarau na walda a goshinsa. Jininsa aka sa wa innarki. Ta rayu, amma kin tuna watannin nan uku da ba ta iya tsayuwa a bakin murhu, ke kike goyon Iro kina dafa mana abinci? An ce muku haihuwa ce ta zo da wuya. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Lokacin da aka ɓata wajen kiran waɗanda ba su dace ba, ni na ɓata shi.

Da innarki ta ji ƙarfi na gaya mata komai. Sai ta ce, “Malam, da ka tambaye ni, da na ba Saratu zanena da abincina, har in raka ta. Amma sunana ba abin aro ba ne.” Ita ce ta ce in rubuto miki wannan, kada ki ɗauka asirinta na tona.

Daktura ba ta kore ni ba. Da na gaya mata tsoron da ya sa na ari katin, sai ta kama hannun rigata ta kai ni bayan kwamfutar, ta nuna mini igiyar nan. Ta ce layin tarho ne, babu abin da ke fita ta cikinsa sai wanda ita ta aika, kuma ba ta aika wa kowa sai likita ɗan'uwanta. Sannan ta ce, “Ka je ka gaya musu, wanda ba shi da takarda ya zo, ya ba ni sunan da ya ga dama, ban damu ba. Abin da na damu da shi, jiki ɗaya lamba ɗaya. Kada wanda ya ara wa wani.” Na koma teburin mai shayin nan na ce ƙarya na yi musu. An fi wata uku kafin su dawo yadda suke zuwa da.

Abu biyu nake so ki riƙe a nan. Na farko, abin da aka sa wa na'ura shi take riƙewa, ba ta san an yi mata ƙarya ba, kuma ba ta mantuwa kamar yadda mai ƙaryar yake mantawa. Saboda haka ki yi irin na Malama Asabe, abin da rai ya rataya a kai ki sake dubawa da idonki. Na biyu, in kin yi kuskure ki faɗa a lokacin da faɗar za ta yi amfani. Aron katin wauta ce, Allah Ya yafe. Shirun da na yi a jikin bango shi ne abin da har yau in na tuna nake kasa haɗiye abinci. Kuma in kin ga majinyaci yana jin tsoron ba da sunansa, kada ki ce ƙauyanci ne. Ki gaya masa wanda zai ga abin da kika rubuta da wanda ba zai gani ba.

Bayan wannan sai na koma son na'urar fiye da kima, a nan ma na yi ɓarna. A gilashin akwai 'yan gurabe da Daktura ke cikewa, na ciwo daban, na kwanaki daban. Na lura gurbin ƙarami ne, sai na shiga yanke maganar mutane don ta shiga. Wani dattijo mutumin Tawa, mai aikin hawan dabino, ya zo ya yi bayani mai tsawo, tun daga abin da ya ci har mafarkin da ya yi. Daktura tana kallon gilashi, yatsunta suna jira. Na ce mata, “Ciwon ciki, kwana goma.” Ta danna, ta fara rubuta maganin gyambon ciki.

Sai ga muryar Malama Asabe daga bayan labule: “Ba haka ya ce ba. Ya ce in ya hau dabino ne abin ke kama shi a ƙahon zuci, ya sauko masa hannun hagu, in ya zauna ya sake shi.”

Da aka juya wa Daktura wannan, sai ta ture abin dannawa gefe, ta juyo da kujerarta ta fuskanci tsohon. Ashe zuciya ce. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, wata takarda ta fito da zane kamar tudun rairayi, aka sa ta a kwamfuta aka aika wa wani likitan zuciya a Tarabulus. Kafin la'asar amsa ta dawo, har da maganin da za a ba shi. Tafiyar da mota ke wuni tana yi, takarda ta je ta dawo tsohon bai gama shan shayin da na kawo masa na biyu ba. Ya ce mini, “Yaro, shi wancan likitan ya gan ni ne?” Na ce zuciyarsa kawai ya gani. Ya ce, “To, a gaishe shi.” Daktura kuwa ta rubuta gaisuwar ta aika.

Tun daga ranar ta sauya wa teburinta zama, yadda in tana dannawa fuskarta na wajen majinyaci. Ke ma ki bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa kafin ki taɓa na'ura. Mutanenmu ba sa fara bayani da abin da ya fi damunsu, a tsakiya suke saka shi, ko a bakin ƙofa in za su fita.

Saura na Musa. Da salula ta yawaita a hannun mutane, aka shirya kwamfutar tana aika wa masu tarin fuka saƙo in lokacin karɓar maganinsu ya yi, don maganin watanni ake yi ana sha, in an yanke ciwon ya dawo da ƙarfi. Da can ni nake bin su da ƙafa ina tuna musu. Da saƙo ya zo na ji an sauke mini kaya. Musa, ɗaya daga cikin masu tarin, yana aikin lambu a wata gona wajen Tamanhint, wata ya wuce bai zo ba. Malama Asabe ta ce, “Malam Habu, Musa fa shiru.” Na ce ai an aika masa, ga shi na'ura ta nuna saƙo ya isa. Wani watan ta sake faɗa, na sake nuna mata gilashi.

Da abin ya dame ni, ran wata Juma'a na shiga motar haya na je. Na same shi a inuwar dabino ya rame, tari yana neman tsaga masa ƙirji. Ya ce da ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke, tunda kuma bai gan ni ba ya ce shi ke nan an sallame shi. Na ce saƙonnin fa? Ya kira a kawo salular, ashe su huɗu suke amfani da ita. Ga saƙonninmu nan jere, ko ɗaya ba a buɗe ba. Da Larabci aka rubuta su, babu mai karantawa a cikinsu, sun ɗauka kamfanin waya ne ke talla. Dole aka faro masa magani daga farko, kuma ɗaya daga abokan ɗakinsa ya riga ya kamu. Duka biyun sun warke daga baya, amma Musa bai ƙara iya aikin ƙarfi ba, gida ya koma.

Yanzu in saƙo ya tafi, ni kuma sai in bi shi da kira, in ji murya, in sa mutum ya maimaita mini ranar da zai zo. Kada ki taɓa cewa kin sanar da majinyaci don na'ura ta ce ta aika. Ki tambayi kanki: wa ke riƙe da wayar, yana karatu, da wane harshe?

Kada duk wannan ya sa ki ji tsoronta. Ni dai har gobe ina sha'awar abin nan, da zan koma yaro da na koye shi ciki da waje. Na ga ta tuna wa likita maganin da jikin mutum ba ya so, bayan shi mai jikin ya manta. Ki koye ta da kyau, ki fi abokan karatunki naci. In kin ga tsohuwar ma'aikaciya tana ƙyamarta, kada ki raina ta. Ki nuna mata inda ake dannawa, ita kuma ta nuna miki abin da ta shekara tana gani a fuskar marasa lafiya.

Akwai na ƙarshe, wannan tsakanina da ke ne. Kina da shekara goma sha ɗaya, kin kawo mini abincin rana asibiti, aka ɗauke wuta, gilashin ya yi baƙi. Kika matso kika ce, “Baba, in wuta ta tafi, ina sunayen mutane suke zuwa?” Benci cike yake da mutanen da ke ganin na san komai a wurin nan, ni kuwa ban san amsa ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na daka miki tsawa, na ce yarinya ba ta da aiki sai surutu, ki ajiye kwano ki wuce gida. Kika ajiye kika fita. Daga ranar kin ci gaba da kawo abinci, amma a bakin ƙofa kike tsayawa, ba ki ƙara tambayata komai a kan aikina ba. Na lura, Ummi. Shekara bakwai ina lura, girman kai ya hana ni magana.

Tambayarki mai kyau ce. Washegari na tambayi Malama Asabe, ta ce ita ma ba ta sani ba sosai. Daktura ta ce akwai wani faifai a ciki da ke riƙe su ko babu wuta, amma da na ce yaya yake riƙewa, sai ta yi dariya ta ce ita jikin mutum ta karanta. Kin ga mu uku manya ba mu iya ba ki amsa ba, ni kaɗai ne na yi tsawa. Ki yafe mini. A can kada ki tsaya a bakin ƙofa. Ki shiga ciki ki yi tambaya, ko za a yi miki dariya. In kuma wani ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce masa ba ki sani ba, za ki bincika. In kin samo amsar taki, ki rubuto mini da baƙaƙe manya, idona ya fara rauni.

Innarki tana gaishe ki, ta ce garin yajin yana ƙasan jakar, kada ki bari ya jiƙe. Iro yana gaishe ki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki gaishe da kawunki, ki ji maganarsa a hanya. Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki ƙirji ga karatu, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya maido mana da ke lafiya. Na ba Allah ajiyarki. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu
Jadid, Sabha